Goron Ta'aziyyar da Na Kai Lome

Mun tashi da asuba daga unguwar Nima, a ƙasar da ke maƙwabtaka da Togo, ni da malamin unguwarmu, ina rungume da ƙwarya guda ta farin goro a cikin ganye. Niyyata in je Lome in yi ta'aziyyar shugaban ƙasar Togo da sojoji suka harbe. Matata ta raka mu bakin lungu tana tambayar wanda ya aike ni. Ba wanda ya aike ni. Sanin mutumin na yi, kuma a gidanmu ba a taɓa jin mutuwar wanda aka sani a yi shiru ba.

Ga yadda na san shi. Shekarun baya ina zaune a zangon Lome, ina facin keke a gindin wani mangwaro kusa da babbar kasuwa. Wata rana wani mutum tsaf-tsaf ya turo kekensa, tayar baya a kwance. Na ɗauka akawu ne. Akwai mutum biyu a gabansa, na nuna masa benci, ya zauna ya jira. Da na gama na miƙa masa famfo na ce ya buga iska da kansa, bayana na ciwo. Lafiyata ƙalau. Ya durƙusa ya buga, har da murmushi. Sai da ya wuce mai soya kifi da ke gefena ta ɗora hannu a ka, ta gaya mini shugaban gwamnati na sa aiki. Facin kuma da tsohuwar roba na yi shi, na san ba zai kai Juma'a ba. Kwana uku ina leƙen hanya ko 'yan sanda za su zo. Ba wanda ya zo.

Shi ya sa ranar Lahadin da rediyon mai shayi ya faɗi labarin kisansa, kofi ya suɓuce mini. Mun saba sarki ya tsufa ya mutu a kan gadonsa. Amma a ce sojan ƙasa ya harbe mai ƙasa, kunnenmu bai taɓa jin irinsa ba. Mutumin da ya karɓo wa Togo 'yanci, ya ƙi facaka da kuɗin gwamnati. Wasu suna cewa hannunsa a danƙe yake, kuma bai iya jure masu ja da shi ba. Ni dai abin da na gani na faɗa.

Motar katako muka shiga, sule bakwai kowa, aka cusa ni tsakanin buhun gishiri da wata mata mai kaji. A bakin kogin Volta muka yi awa biyu muna jiran jirgin fito. Nan na sayi abolo, wata farar waina mai zaƙi-zaƙi, da 'yan ƙananan kifi na sisi. Malam ya ce ba ya jin yunwa, ya cinye rabi. A kan ruwa ya tuna mini mamacin ba Musulmi ba ne. Na ce na sani. Sai ya ce ba laifi, ta'aziyya dama ta masu rai ce.

A Aflao muka tarar iyaka a rufe. Wata tsohuwa ta nuna mana hanyar ƙafa ta cikin itatuwan kwakwa, muka bi bayan masu kai gawayi. Ƙasa biyu, amma rairayin da ya cika mini takalmi iri ɗaya ne.

Lome tana nan da kyanta, iskar teku, faffaɗan tituna, burodi dogo kamar sanda. Sai dai mutane sun rage murya. A zango mai masaukinmu ya ji abin da ya kawo ni, ya tashi ya tura ƙofa.

"Baba, kana da hankali kuwa? Nan ko sunansa ba mu faɗa a waje."

Na tambayi inda ake zaman makoki. Ya ce ba a yi ba. An kai gawar ƙetaren iyakar Dahome, iyali sun watse. Washegari duk da haka na je gidan mamacin. Ƙofa a kulle, ba tabarma, ba buta, ba takalma a bakin zaure. Na yi sallama sau uku, bango bai amsa ba. Ku da kuka san al'ada kun san ta'aziyya ba ta cika sai wani ya amsa. Ga goro ya fara yaushi, ga motar komawa da rana.

Na ce wa malam mu biya ta gindin mangwaron nan kafin tasha. Bencina ba ya nan, amma mai kifi tana nan, ta ƙara jiki. Ta gane ni tun daga nesa. Hausarta irin ta kasuwa ce.

"Mai ciwon baya, ka dawo?"

Na buɗe baki in mayar mata, sai kuka ya ƙwace mini, ni da gemuna. Na zauna a kan saiwar bishiya, ƙwaryar goro a gabana a buɗe. Ta goge hannu a zane, ta durƙusa yadda ta ga matan zango suna yi.

"Baba, ya haƙuri? Mutuminka ya tafi."

Ban shirya ba. Na ce, "Da godiya," na ba ta goro.

Wani mahauci da ke wucewa ya ga dattijo yana hawaye da goro a gaba, ya tuɓe takalmi ya gaishe ni. Bayansa masu dako biyu, sai wani tela, sai wata mai lemo da gicciye a wuya. Ba wanda ya tambayi wa ya mutu, ba wanda ya ambaci suna. Kowa ya ce ya haƙuri, ya ɗauki goro, ya ɗan zauna. Malam ya matso kunnena ya ce duk faɗin Togo an rasa mai karɓar gaisuwa sai wanda ya yi wa mamaci facin banza. Kafin azahar ƙwarya ta ƙare. Motar ta tafi ta bar mu, muka ƙara kwana.

Mun iso Nima da la'asar, ƙafa a kumbure. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, ana iya kulle gidan mutum, amma waɗanda ya mutunta ba su taɓa taruwa a gida ɗaya ba balle a kulle su. Matata ta dubi ƙwarya wayam ta tambaya ko na sami dangin mamacin. Na ce na same su. Ta ce wa ya karɓi gaisuwar. Na ce ta fara kawo ruwan zafi, yau bayan nan da gaske yake ciwo.