Na Ƙi Ƙarin Girma Ina Jiran a Gyara Mini Mataki

A lokacin ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin kuɗi a Gusau, na fi shekara goma ina riƙe da ɗakin haihuwa. Ina da miji da 'ya'ya, hannuna ya saba da aiki, amma kullum Inna, mahaifiyata, tana tuna mini cewa asibitin kuɗi rumfar kara ne, ba fansho, kuma ran da mai shi ya gaji an tashi. Saboda haka da gwamnati ta buɗe ɗaukar ma'aikatan lafiya na nema, Allah kuma ya ba ni. Sai dai da na karɓi takardar kama aiki na ga an ajiye ni a matakin albashin da ake ba wadda ta fito makaranta jiya. Na yi magana, wani jami'i ya ce kada in tsaya jayayya a bakin ƙofa, in shiga tukuna, daga baya a lissafa shekaruna a gyara. Na sa hannu. Aka tura ni Tsafe.

Daga nan rayuwata ta koma hanyar Tsafe zuwa Gusau. Duk ranar da ba ni da aiki sai in shiga motar haya in tafi ofis neman gyara. Yau mai fayil ba ya nan, gobe ana taro, jibi an sauya shugaba sai a sake rubuto koke. Da lokacin jarrabawar ƙarin girma ya zo, wata tsohuwar ma'aikaciya da nake ganin girmanta ta ja ni gefe ta ce in na zauna jarrabawar nan, na amince da matakin da aka ba ni ke nan, kokena ya mutu. Ban tambayi kowa ba, na yarda. Na ƙi zama. Jarrabawar ta sake zagayowa na sake ƙi. Waɗanda muka shiga tare suka hau, wasu da na koya wa ɗaura ruwa suka zama su ke raba mini aiki. Ba su taɓa raina ni ba, Anti suke ce mini. Ni ce dai na daina jin komai. In haihuwa ta zo lafiya in wanke hannu in rubuta, in ba ta zo lafiya ba in wanke hannu in rubuta.

Inna tana zaune a Kwatarkwashi, kuma duk mai zuwa Gusau daga Tsafe ta gefen garin yake wucewa. Tana da hawan jini, ni ce nake auna ta in duba magungunanta. Sau da yawa ina hango dutsen garinmu ta tagar mota in ce a raina sai a dawowa, a dawowa kuma yamma ta yi, direba ba ya son tsayawa saboda halin hanya. Wata safiya ina cikin motar zuwa Gusau Inna ta kira ni ta ce kanta na sarawa tun jiya, idonta na ganin hazo, ko zan biyo. Abin awon jinin yana cikin jakata. Amma an ce mini ranar ce za a duba fayil ɗina, sai na ce ta sha maganinta ta kwanta, ina nan tafe da azahar. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a.

Na zauna a benci har bayan la'asar. Daga ƙarshe wani mutum mai sanyin magana ya kira ni, ya duba fayil ɗin, ya ce ai irin wannan gyaran kafin a tabbatar wa mutum da aiki ake nemansa, nawa kuwa an daɗe da tabbatarwa. Ya tambaye ni dalilin da ban taɓa zama jarrabawa ba. Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya ce ba wata ƙa'ida da ta ce haka, da na zauna da yanzu na wuce matakin da nake kuka a kai. Na yi masa godiya na fito. Ina bakin titi ƙanena ya kira ya ce Inna ta faɗi a tsakar gida.

Ba ta rasu ba. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Na nemi a mayar da ni aiki Bunguɗu, ƙaramar hukumarmu, na ɗauko ta ta dawo wurina, ni nake juya ta, in yi mata wanka, in ba ta kunu da cokali. 'Yan'uwa suna cewa ƙaddara ce, na kuma yarda ƙaddara ce, amma ni nas ce, na san abin da ciwon kai da hazon ido suke nufi ga mai hawan jini. Ban yi kuka ba a ranar, har yau ma bai zo ba. Bara na zauna jarrabawar, na ci, aka ƙara mini mataki ɗaya. Na faɗa wa Inna, ta kalle ni, ban san ko ta gane ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne 'yan'uwana ma'aikatan jinya da ke shirin barin asibitin kuɗi su koma na gwamnati. Ku tsaya a kan matakinku tun kafin ku sa hannu, alkawarin baka ba ya shiga fayil. In abu ya shige muku duhu ku tambayi mai ofishin da kansa, kada ku ɗora shekarunku a kan an ce. In kuma ya riga ya wuce, ku nemi haƙƙinku amma kada ku jingine sauran rayuwa har sai an biya. Ofis yana nan gobe. Wanda ya kira ku ya ce ba ya jin daɗi, ku sauka daga motar.