Hajiya Karimatu da Hannayen Illo

Kafin rana ta fara gasa kwanon rufin asibitin, keke ya riga ya sauke Hajiya Karimatu Bawa daga unguwar Arkilla. Ba ofis take fara shiga ba. Ɗakin hoto take nufa, inda ake haska ƙashin mutane da huhunsu, ta sauko da rigunan dalma daga maratayi, tana bin kowacce da tafin hannu kamar mai zaɓen atamfa. Dalmar ce ke tare hasken na'ura, kuma idan aka ninke riga aka yar a kujera, takan tsage daga ciki ido bai gani ba. Sai ta gama wannan, ta ga ƙofa na rufuwa ruf, ta ga kowa ya maƙala ɗan bajon da ke auna hasken da jikinsa ya sha, sannan take amsa gaisuwa da kyau. Haka ta yi shekara talatin da ɗoriya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa na ƙi yarda a sallame ta da lemon kwalba da ɗan jawabi kawai.

Ina ɗalibi a sashenta aka yi abin da zan faɗa.

Akwai wata al'ada a ɗakunan hoto da muka saba da ita har muka daina ganin muninta. Yaro ba ya kwanciya shiru a kan gadon hoto. Idan ya motsa hoton ya lalace, don haka sai a leƙa waje a kira wani ya riƙe shi. A asibitinmu mutum biyu ake kira, Illo da Maccido, masu tura marasa lafiya a keken asibiti. Illo aka fi so, domin yana da wata waƙar banza ta akuya da yake yi wa yara su yi tsit. Mai ɗaukar hoto zai ɓuya a bayan bango ya danna maɓalli, Illo kuwa yana tsaye a gefen gado, hannayensa a kan yaro. Ba shi da bajo. An ce ai ba ma'aikacin sashen ba ne, kamar hasken yana duba takardar ɗaukar aiki kafin ya ratsa mutum.

Da Hajiya ta zama shugabar sashen, ta fara da nema wa mutanen biyu bajo. Aka yi ta mata yawo da hankali, ta yi ta komawa, har aka gaji aka ba ta. Da awon ya fito, na Illo da na Maccido kusan ɗaya ne, kuma bai haura iyakar da aka yarda ba. Da wani ne, a nan zai tsaya ya karɓi yabo. Ita cewa ta yi bajo na faɗin abin da ya shiga jiki tun ranar da aka maƙala shi, ba ya faɗin abin da jikin ya yi da shi.

Sai ga wata mai bincike daga wata jami'a tana neman jinin masu aiki da haske. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wasu zarurruka, kuromosom, da ke ɗauke da abin da muka gada. Hasken nan yakan tsinka su, jiki kuma yakan ɗinke. Sai dai ɗinkin kowa ba ɗaya ba ne, wani an haife shi da mai kyau, wani da mai rauni. Likitoci da masu hoto kawai aka shirya ɗiba. Hajiya ta ce in babu masu riƙo a ciki, ita ma ba za ta miƙa hannunta ba.

Na Maccido ya fito kamar na kowa. Na Illo ya fito da tsinke-tsinke fiye da na duk wanda ke sashen. Mai binciken ta yi gaskiya, ta ce wannan ba cuta ba ce tukuna, kuma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, amma alama ce mai ƙarfi cewa jikinsa ba ya gyara ɓarnar kamar na abokinsa, wataƙila ta hanyar gado. Shawararta a nesanta shi da na'ura.

A nan ne raina ke ɓaci har yau. Wasu manya suka ji kalmar gado suka yi ajiyar zuciya. Tunda gado ne, ai ba laifin asibiti ba ne. Aka fara raɗe-raɗin a sallami Illo bisa dalilin rashin lafiya, Maccido ya ci gaba da riƙo tunda shi jininsa na ɗauka. Illo ya ji, ya sami Hajiya a baranda.

"Hajiya, da kin bar ni da jahilcina," in ji shi. "Wanga aiki da shi nika ciyar da ɗiyana. Yanzu an ce jinina na da laihi."

Ta ce masa jininsa bai yi laifin komai ba, ya je ya ci gaba da tura kekensa.

Manyan asibitin suka kira zama a kan maganar. Waɗanda suka halarci zaman sun ce Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta bari wani jami'i ya gama bayanin cewa matsalar ta gado ce, sannan ta ce:

"Ranka shi daɗe, gado biyu ne cikin wagga magana. Wanda Illo ya gada, ba shi ya zaɓa ba. Wanda munka tsai da shi gefenai shekara da shekaru, mu munka zaɓa mai. Kuma cikinmu nan, wa ya san irin jinin da ke jikinai?"

Ta ce idan za a kori duk mai raunin gado, sai a fara ɗibar jinin kowa a teburin. Idan ba haka ba, a tsare kowa kamar shi ne mai raunin. An ce har wani ya shiga shafa damtsensa.

Illo bai rasa aikinsa ba. An mayar da shi ɓangaren yara, inda waƙar akuya ta fi amfani, kuma ana duba lafiyarsa a kai a kai. Maccido ma ya daina riƙo. Hajiya ta shiga kasuwa da kanta, ta sa tela ya ɗinka mata maɗaurai masu laushi da 'yan jakunkunan yashi na tokare yaro. Idan dole sai an riƙe, ɗan uwan yaron ne zai riƙe, sanye da rigar dalma, sau ɗaya a rayuwarsa maimakon kullum a rayuwar wani.

Hajiya, ke ce garkuwar masu riƙo. Ke ce kika ga mutum a inda muke ganin hannu biyu da ake kira daga baranda. Kin nemo ilimi, kuma da aka so a mayar da shi wuƙar yanka talaka, kika karɓe kika yi masa rumfa da shi. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai lafiya.

Ku kuma da ke riƙe da ɗakunan hoto a garin nan, manya da ƙanana, kada ku tafa ku watse. Gobe da safe ku shafa rigunanku na dalma, ku tambayi kanku wa kuke kira ya riƙe, kuma tun yaushe. Kada ku ce mana babu kayan aiki. Yashi ne da ƙyalle.

A makon jiya wani sabon likita, da bai san tarihi ba, ya ƙwala wa Illo kira ya zo ya riƙe masa wata yarinya. Hajiya ba ta nan, tana wajen cike takardun ritaya. Illo ya zo har bakin ƙofa, bai tsallaka ba. Ya nuna masa inda ake ajiye maɗaurin, ya ce, "Likita, ɗaura ta, ni in yi waƙar daga nan." Aka tura ƙofa, yana rerawa ta bayanta. Hoton ya fito tas.