Baffa Ba Ya Rubutu da Fensir

Baffa, wan mahaifina, ya yi aikin buga tafireta a wani kamfanin jigilar kaya tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. Turancinsa a yatsu yake, haka shi da kansa yake faɗa. Manaja zai miƙo masa takarda, idonsa ya ɗauka, yatsunsa su buga, kalmar ba ta bi ta kansa ba. Komai tsawon kalma ba ya kuskuren harafi, amma ka tambaye shi me take nufi, sai ya ce, "An ɗauke ni aikin bugawa ne, ba aikin sani ba." Ofishin nasu kuma yana da doka: harafi ɗaya ya kauce, a zare takardar a sa sabuwa. Babu gogewa.

Da ya ajiye aiki sai ya kamu da wasan cike gurbi na bayan jarida, wanda ake ba ka ma'ana kai kuma ka nemo kalmar Turancin ka jera haruffanta cikin ƙananan akwatuna. Nan ya haɗu da gamonsa. Kalmomi fal a hannunsa, ma'anar kuwa babu. Sai ya sayi ƙamus mai kauri, ya zauna a baranda kan kujerarsa mai lilo, yana bin kalmomin da ya yi rayuwa yana bugawa, yana sanin su a karon farko. Wani lokaci ka ji ya yi tsaki shi kaɗai: "Ashe zagin mutumin nan muka yi a wasiƙar!"

Burinsa ɗaya ne, ya cike shafi guda tas da hannunsa. Bai taɓa yi ba, kuma dalilin shi ne biro. Da biro yake rubutu, kuma da ya ga harafi ɗaya ba daidai ba sai ya yage shafin ya miƙa wa matarsa, Inna. Kantocin kicin ɗinta kaf da shafukan nan aka shimfiɗe su.

"Baffa, ga fensir mai abin gogewa," na ce masa wata rana. "Kowa da shi yake yi."

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "fensir na masu shakka ne."

Inna ta leƙo daga kicin. "Ƙyale shi. In ya koma fensir, da me zan naɗe kofuna?"

"Ke dai ba ki taɓa sa mini albarka a harkar nan ba."

"Malam, ni da nake cin moriyarta?"

Abin ya daina ba mu dariya da idonsa ya fara dushewa. Likita ya ce ba mai dawowa ba ne, sai dai a rage masa sauri. Rubutun ƙamus ya fara gagararsa, daga baya ma'anonin jaridar ma sai da gilashin ƙara girman rubutu. Ya yarda in riƙa karanta masa, amma in na buɗe baki zan faɗi amsa sai ya ɗaga mini hannu. Raina ya sha ɓaci. Sau da yawa amsar tana kan harshena, shi kuwa yana zaune biro a sama, ya ƙi sauke shi sai ya tabbata.

Wata safiya abin ya zo masa da sauƙi. Kafin rana ta kai bakin baranda ya cike komai, saura doguwar kalma ɗaya mai saukowa ƙasa. Na karanta masa ma'anar: kayan da aka ɗora wa mota ko jirgi a kai wa wani. Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce in karanta masa haruffan da suka riga suka faɗa cikinta. Ina karantawa sai na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa.

"Ɗauko mini tafireta."

Na jawo tsohuwar tafiretarsa daga ƙarƙashin gado, na kaɗe ƙura, na sa takarda. Ya ɗora yatsu, ya rufe ido, ya buga a tashi ɗaya. Na duba ƙamus. Ita ce.

"Kullum sai na buga ta a ofis," ya ce, yana dariya har da tari. "Kullum! Inna, fito ki gani, yau kantarki ba ta samu ba."

Inna ta fito tana goge hannu. Na ce ya bari in riƙe masa gilashin, ya ce ba a taya mai tafireta aiki. Ya sunkuya har hancinsa na taɓa jaridar, ya fara rubutawa a hankali. Ina kallo biron ya zame zuwa layin gefe, harafin ƙarshe ya sauka kan wani harafin da ke zaune daidai tun safe.

"Baffa, ba komai ba ne! Kowa ya gani ya san ka cike. Ga gurbin nan, sa shi kawai."

Ya kai gilashin ya daɗe yana dubawa. Sannan ya yage shafin a hankali, ya miƙa wa Inna. Ta ƙi karɓa.

"Malam, don Allah."

"Takardar ta ɓaci," ya ce.

Ni na karɓa. Yana cikin akwatina, gurbin ƙarshe babu komai a ciki. Washegari mai jarida ya zo ya yi sallama, Baffa ya ce masa daga yau ya daina kawowa.