Abdulshakur, Wanda Ya Hana Kalangu Yin Ƙarya

Shekara goma sha shida Abdulshakur yana buɗe shagonsa na unguwar Kanvili a Tamale da sassafe, ya sha koko, ya zauna gaban kwamfuta. A watan nan ya ajiye aikin, ido ya gaza. An san shi da gyaran lasifika. Kaɗan ne suka san shi ya rubuta ƙaramin umarnin da situdiyoyin Tamale ke sawa a manhajar sauti: ka ba shi jerin bugun kalangu, ya kaɗa su bi da bi, yadda makaɗi ya buga.

Wata shekara sai masu manhajar, can ƙasar waje, suka fito da umarni mai suna iri ɗaya da nasa. Nasu in ya ga bugu ya maimaitu, sai ya zubar da ɗaya. Kwamfuta kuma nasu take ɗauka, ba ta ce uffan.

Ziblim makaɗi ne ya fara ji, ranar da ya zo sauraron kirarin zuriya da marigayi mahaifinsa ya buga aka adana.

"Maigida, wannan ba babana ba ne. An tsallake kakanni biyu."

Abin da Abdulshakur ya yi har yau yana girgiza ni. Da ya yi shiru, ba mai ganewa sai irin su Ziblim. Amma ya canja sunan umarninsa, ya raba sabon zubi wanda ke ƙin buɗe tsohon fayil sai an gyara shi. Rana ɗaya situdiyo tara suka tsaya cak.

Rashidatu, mai situdiyo a Nyohini, ta same shi a shago.

"Baba, da hannunka ka kashe mana aiki? Ina da biki Asabar. Jiya lafiya lau yake kaɗawa."

"Yana kaɗawa, 'yata, amma ƙarya yake yi."

"Amaryar ta san kakanta na bakwai ne?"

"Ziblim ya sani."

Wa ya ba mutum ɗaya ikon tsayar da rayayyu saboda matattu? Na daɗe ina juya wannan, ban samu amsa ba. Abin da na sani, Abdulshakur, kai ne ka hau babur wata goma sha huɗu kana gyara fayilolin mutane ɗaya bayan ɗaya, ka fara da na Rashidatu kafin Asabar. Mutum uku har yanzu ba sa gaishe ka.

Mun gode, Abdulshakur. Masu tasowa, in za ku karya abu, ku bi shi ku ɗora kamar yadda ya yi.

Da Ziblim ya sake sauraron kirarin bayan gyara, yana lanƙwasa yatsu yana ƙirga kakanni, ya kai ƙarshe ya ce, "Sun cika."