Laftof ɗin Hajiya da darduma

Karo na huɗu ke nan Hajiyarmu tana kirana: "Injiniya, abar nan taka ta sake ƙamewa, malam yana tsakiyar aya!"

Tsohuwar laftof ɗina ce na bar mata tana sauraren tafsiri. Na yi mata fomatin, na kai wa mai gyara a kasuwar Daura. A hannunsa lafiya lau, amma a ɗakin Hajiya ko rabin awa ba ta yi sai ta tsaya cak. Ƙannena har sun fara tambaya ko sayen digirin na yi.

Jiya na faɗo ɗakin tana cikin saurare. Ga laftof bisa matashin kai, an naɗe ta da darduma, fuskarta kaɗai ke leƙowa. Na taɓa, zafi kamar tandar waina.

"Hajiya, ai kin toshe mata hanci! Ta ina za ta sha iska?"

"Abin da ke ɗauke da Alƙur'ani zan ajiye tsirara bisa tebur? Ba a gidan nan ba."

Sai na ɗora ta bisa ɗan katakon da take aza Alƙur'ani. Har yanzu ba ta sake ƙamewa ba.

Hajiya ta ce, "Ka gani? Dama girmanta take so."

Jama'a, tsakanina da Hajiya, wa ya gyara?