Ranar da Giyar Jirgi Ta Ƙi Komawa Baya

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gani, kuma ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Lokacin ba a daɗe da tare ruwa a Goronyo ba. Fadamar da ubanmu ya bari ta shige ƙarƙashin tafki, sai ƙannena maza biyu sunka haɗa kai sunka sayi wani tsohon jirgin ruwa mai inji wanda ma'aikatan madatsa sunka gama da shi. Babban ke tuƙi, autan ke lodi, suna ƙetarar da mutane da buhunan albasa. Ni kuwa mijina ya rasu, na dawo gida wajen Inna, ina tuyar ƙosai da dama kunu a bakin ruwa inda jirgin ke tsayawa. Shi ya sa komi a gabana anka yi.

Jirgin nan gaba matuƙi ke zama, ga sitiyari, ga sandar giya a damansa. In ya tura ta a yi gaba, in ya jawo ta a yi baya. Wata doguwar waya cikin rigar roba ke kai saƙo daga sandar zuwa injin da ke can baya. Jirgi ba shi da birki, da giyar baya ake tsayar da shi.

Wata ranar kasuwa babban ya kwanta zazzaɓi, autan ya tuƙa. Daga nan sandar ta soma tauri. Da farko da hannu ɗaya, sannu sannu sai da biyu, har ya zama sai babban ya tokare ƙafa yana nishi kamar mai cirar rogo a busasshiyar ƙasa. Rannan sun taho cike da kaya, ya ja, ya ja, ta ƙi. Jirgi ya zo ya soki gaɓa, ya kifar da kwale-kwalen wani masunci, albasa ta watse bisa ruwa. Allah ya kiyaye, ba rai. Amma a nan gaban jama'a babban ya juya ga ƙaninsa.

"Lahiya lau na ba ka ita. Mi ka yi mata?"

"Yaya, mi zan yi mata? Ni ma cikinta nike ci."

"Tuƙin kake so. In ba da hannu ka ɓata ta ba, to da wani abu ka ɓata ta."

Kun san abin da ake nufi da wani abu. Sunka daina cin tuwo akushi ɗaya. Babban ya sa anka fara kwaɓa ƙasa, zai ja katanga tsakiyar gidan ubanmu. Inna ta yi magana har ta gaji, tubali sai ƙaruwa yake a rana.

Ni na aika Achida anka kira wani bakanike mai gyaran injin ban-ruwa, abokin wasan marigayi mijina. Ya iso da hantsi, ya dubi jirgin ya ce, "Mai ƙosai, ni likitan jakai na, kin kira ni ga doki. To, duk ƙahwa huɗu na. Zuba mani kunu tukuna."

Anka jawo bayan jirgin bisa rairayi. Ya kwance wata ƙusa can ƙasan injin, mai ya ɗigo a tafinsa. Ya ce da ruwa ya shiga da ya yi fari kamar nono, wannan kuwa garau yake. Anka mayar da jirgin ruwa, ya tayar da inji ya kasa kunne, ya ce wani lokaci in inji na gudu da yawa a tsaye giya kan yi gardama. Ya rage mashi, sandar na nan da taurinta. Babban ya ce a fasa injin kawai a gani. Bakaniken ya ce, "Kai, ba a yanka akuya don a ga abin da ya sa take ɗingishi."

Sai ya kashe inji, ya cire bakin wayar daga jikinsa. Ya sa autan ya riƙa juya farfela da hannu, shi kuma ya taɓa ɗan ƙarfen da wayar ke ja. Ƙarfen ya tafi, ya dawo, sumul. Ya koma gaba ya cire ɗaya bakin daga sandar, sandar ita ma ta yi laƙwas. Ya ce, "Inji ya kuɓuta, sanda ta kuɓuta. Saura ɗan aike."

Ya durƙusa yana bin wayar da hannu ta ƙarƙashin katakon gefe. Da ya kai ƙarƙashin bencin baya sai ya tsaya cak. Ya ɗaga katakon. Ga waya an jawo ta an lanƙwasa kamar gwiwar hannu, an ɗaure ta tamau ga haƙarƙarin jirgi da tsirkiyar fata. An ɗaura ta tana ɗanya, ta bushe ta shaƙe wayar kamar fatar kalangu. A jikin ƙullin ga layu biyu.

Babban ya daka tsalle. "Jama'a ku shaida! Na hwaɗi, anka ce ƙazahi nike!" Autan ya yi tsaye yana kallon layun. Mutane sunka fara ja da baya daga gare shi. A fuskarsa na ga ransa ya riga ya bar garin.

Na ajiye matsamin ƙosai na leƙa. Ƙullin nan na san shi tun ina yarinya, da shi ake ɗaure bakin buhun gero a ɗakinmu, a naɗa sau biyu a soke ta ƙasa. Na ce kada kowa ya taɓa, na tafi gida na riƙo hannun Inna.

Ta zo da sandarta, ta duba, ta dubi babban ta ce, "Nawa na. Ɗaya taka, ɗaya ta ƙaninka. Randa ka kwanta, yaron ga ya shiga ruwa shi kaɗai, ban runtsa ba sai da na karɓo su wajen malam a Wurno. Na haɗa ku ƙulli guda don kada ruwa ya raba mani ku. Anka ce kada in hwaɗa ma kowa. Igiya na gani, na ɗaura ga igiya. Mi ya haɗa ta da giyarku?"

Wallahi ba ta sani ba. Duk kwanakin nan tana kukan faɗansu, ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba. Ba wanda ya yi dariya sai bakaniken, shi ma ya mayar da ita tari.

Ya ce shi ba ya sa wuƙa ga layar uwa. Na kawo ruwan zafin kunu munka jiƙa fatar har ta saki, Inna ta kwance da hannunta. Ya miƙe wayar, ya ɗura mata mai ta inda robar ta tsage, ya ce za ta kai su kwana kaɗan amma a sayo sabuwa a Sakkwato. Ya mayar da komi, ya tayar da inji. Babban ya tsaya gefen kujerar tuƙi bai zauna ba. Can ya ce, ba tare da ya ɗaga ido ba, "Auta, zo gwada mu gani." Autan ya taɓa sandar da yatsu biyu, jirgi ya ja baya a hankali. Da la'asar na ga babban da kansa yana watsa wa tubalin ruwa don ya narke.

Tun daga ranar, in abu ya yi tauri, ko na ƙarfe ko na zumunci, ba na sa ƙarfi kuma ba na nuna kowa da yatsa. A raba shi gaɓa gaɓa, a wanke wanda ya wanku, a bi saura da hannu har a kai inda ya shaƙe. Sau da yawa wanda ya ɗaure ka ba maƙiyinka ba ne.

Bakaniken ya tsufa a Achida, idonsa ya tafi, bakinsa bai tafi ba. Inna ta rasu damina biyu bayan haka, ƙannena su biyun sunka sa ta kabari. Babban ya bi ta da daɗewa, autan ya riƙe marayunsa har ya aurar da su, yau shi ne dattijon gidan. Ni kuwa ga ni nan, Allah bai kira ba tukuna.