Baragurbi a Ruwan Toka

Kakata, uwar babana, sunanta Ige, amma duk garinmu Turba, Mai Sabulu ake ce mata. Zamanin Nasara na, shekarun da Turawa ke yaƙinsu can, sabulun kanti yab ɓace daga kasuwar Isa. Har 'yan Burkusuma masu ƙetare iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki suna biyowa gidanmu su sayi nata.

Aikin ba wasa ba na. Ta ƙone karan gero, ta tara tokar cikin tukunya mai huji, ta zuba ruwa shi riƙa ɗiga ƙasa. Ruwan tokan nan shi aka dahwawa da man gyaɗa. In ya yi rauni sabulu ba ya kamawa, in ya yi ƙarhi da yawa shi ci hwatar mutum. To ƙwan kaza ɗanye, sabo, shi na ma'auninta. Ta saka shi cikin ruwan. In ya nutse, da saura. In ya taso yal leƙo da kai kamar girman anini, ya yi. Ni Tumba, ina da shekara tara ko goma, aikina in ɗauko ƙwan daga akurki.

Wata rana nid ɗauko shi da ɗuminai, sai kwaɗayi yak kama ni. Nij jehwa shi cikin tukunyar wake da ke bisa wuta, nic cinye abina bayan rumbu. Akwai wani ƙwai da kaza tab bari cikin ciyawa tun ban san yaushe ba. Nig goge shi da bakin zane nik kai mata. Tana sakawa yat taso. Tad dube shi, amma taj juye mai, tulu guda, man da uwata tay yi kwana uku tana matsa. Anka yi ta tuƙi har la'asar, abu yaƙ ƙi kamawa, yana nan tsululu kamar kunun marar lahiya.

Babana yad dawo gona yag gani. Yac ce, "Inna, na sha hwaɗa miki idonki ya tahi. Daga yau a kihe tukwanen ga, ki zauna ki huta."

Tac ci gaba da kankare tukunyarta. Matar da ke wannan aiki tun ba a haihe shi ba. Ni kau nil laɓe bayan uwata.

Bayan magariba munka kewaye murhu kamar kullum, mu jikoki, ana gasa gyaɗa cikin raushi. Babana na gehe bisa buzu yana gyaran ƙotar hauya. In za ta yi tatsuniya, Kaka ba ta cewa ga ta nan irin na mutane. Ita sai ta buga sandarta ƙasa ta ce, "Baƙuwa ta iso, a ba ta wuri." Mu ce, "Ta zauna."

Tac ce wai ruwan gulbi da ruwan rijiya da ruwan toka sunka yi gardamar wa yah hi ƙarhi. Anka ce a kira ƙwai shaida, tunda ba shi da bakin ƙarya. Ƙwai yash shiga gulbi, yan nutse. Yash shiga rijiya, yan nutse. Yash shiga ruwan toka, ruwan toka yad ɗauke shi bisa kai. Shike nan, kowa yas san matsayinai. Sai wata shekara gardama tat tashi kuma, anka aiki wani shi kira ƙwai, ɗan aike yak kawo baragurbi. Baragurbi kau duk ruwan da yash shiga tasowa yake, shi ce, "Kai na babba." Ruwan gulbi yaj ji daɗi, yat tahi kokawa da mai, mai yak kada shi gaban jama'a.

Nan tat tsaya tana ɓare gyaɗa. "To ku hwaɗa min, laihin wa?"

Ƙanena yac ce na gulbi. Wata tac ce na baragurbi.

"Baragurbi mi yay yi? Shi iska ta cikinai, ko cikin hawayenku kunka sa shi tasowa zai yi. Ni dai ɗan aiken ga nika tausai. Har yau yana can shi kaɗai da abin cikin ranai."

Ba ta ko dube ni ba. Ni kau nib ɓarke da kuka, nic ce ni ta, ni nic cinye ƙwan. Babana yam miƙe da ƙotar a hannu. Kaka tam miƙa sandarta tsakaninmu.

"Zauna, Garba. Kai da kas shanye min nonon sayarwa kac ce mussa ta, wai kyanwar gida tal lashe, wa yat taɓa ka?" Sannan taj juyo gare ni. "Ke 'yar nema, da gishiri kinka ci shi ko haka nan?"

Nic ce haka nan.

"Kin yi asara biyu."

Babana yak koma bisa buzunai. Can yac ce, a hankali, "Inna, gobe za ni Isa, in sawo miki gyaɗa tiya nawa?" Ba a kihe tukwane ba. Tun daga ranar kuma, duk ƙwan da anka kawo mata sai ta hwara saka shi cikin ruwan randa. In ya kwanta ƙasa, sannan ta yarda da shi.

Jikana da ke karatun haɗa magunguna Sakkwato ya ba ni labarin wani ma'auni na kwalba mai tsawo da suke sakawa cikin ruwa, inda yat tsaya su karanta nauyin ruwan. Nic ce mai, shi ma'aunin wa ka auna shi? Yac ce ruwa tsarkakakke suke hwara gwada shi ciki. Nic ce to ba ku hi Kaka da komi ba sai hwarar riga.

Amma abin da nid daɗe ban gane ba, sai da ni ma nit tsuhwa ɗiyana sunka hwara ce min in huta: matar nan ta ɗauki ƙwai dubu a hannunta. Ko da ba ta tabbata ba da sahe, da la'asar ta san abin da yah hwaru sarai. Kalma guda za ta hwaɗi ta wanke kanta, in sha duka. Taz zaɓi ɗanta shi kira ta makauniya gaban surukarta, tana jira ko za ni buɗe baki da kaina. Da ban buɗe ba, na san ta, kihe tukwanen za ta yi.